Kafin a ƙera wa tsoho mutum-mutumi, a tambayi mai jinyarsa

Wani bidiyo ne ya sa ni wannan rubutu. Mutum-mutumi ne fari, mai fuska kamar ta 'yar tsana, ya miƙa hannuwa a hankali ya ɗauki mutum cak daga kan gado ya ajiye a keken guragu. An ɗora masa bayanin wai a Japan an gama da matsalar kula da tsofaffi, injuna sun karɓi aikin.

Abu biyu suka dame ni. Na farko, wadda ke hannun na'urar matashiya ce lafiyayya, ta tattara jikinta, ta san inda za a taɓa ta da lokacin da za a taɓa ta. Duk wanda ya taɓa ɗaga dattijon da jikinsa ya saki, ko wanda ya firgita ya ƙanƙame ƙarfen gado, ya san aikin ba ɗaya ba ne.

Na biyu, wannan mutum-mutumi mai suna Robear, wanda cibiyar bincike ta RIKEN da kamfanin Sumitomo Riko suka nuna wa duniya a 2015, bai taɓa shiga kasuwa ba. Nauyinsa kilo 140. Wanda ya gabace shi, RIBA-II, kilo 230 ne. Tun daga lokacin hotonsa ke yawo, shi kuwa bai wuce matakin gwaji ba.

Ga matsayina tun ba mu yi nisa ba. Ina goyon bayan bincike a kan na'urorin da za su taimaka a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, ina ma so a ƙara zuba kuɗi a ciki. Sai dai yawancin wannan bincike a baibai yake farawa. A ƙera mutum-mutumi tukuna a ɗakin gwaje-gwaje, sannan a fita neman tsohon da za a gwada a kansa. Kamata ya yi a fara zama da mai jinyar da ta kwana a tsaye, da dattijon da ke jiran a juya shi, a ji abin da ke damunsu daga bakinsu. Muddin ba a yi haka ba, za a ci gaba da tara takardun ilimi da bidiyoyi masu burgewa, aikin kuwa yana nan a wuyan masu shi, wani lokacin ma ya ƙaru.

Me ya kawo maganar

Matsalar gaskiya ce, babu mai musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050. Sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, wadda ke sa tsoho ya kasa gane 'ya'yansa, ya manta ko ya sha maganinsa. Masu kula da su kuwa ba sa ƙaruwa daidai da haka.

Japan ce ta riga kowa shiga wannan hali, shi ya sa sunanta zai yi ta fitowa. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65. A 2000 ta kafa inshorar kula da tsofaffi, daga 2013 kuma gwamnati ta shiga ba da tallafi na musamman don ƙera na'urorin jinya. Turai da Amurka ma sun daɗe a ciki. Cibiyar Fraunhofer ta Jamus tana aiki a kan wani mutum-mutumi mai suna Care-O-bot tun 1998. A farkon shekarun 2000 jami'o'in Carnegie Mellon da Pittsburgh sun gwada wani mai suna Pearl a gidan tsofaffi, yana tuna musu abin da ya kamata su yi, yana raka su zuwa inda za su.

Alƙawarin ke nan ya haura shekara 25. Ya isa a tambaya me aka samu.

Abin da aka tarar a cikin gidajen

James Wright ba injiniya ba ne, masanin zamantakewar ɗan'adam ne. Ya yi watanni a wani gidan kula da tsofaffi a Japan lokacin da ake gwada na'urori uku, yana kallon abin da ke faruwa bayan 'yan jarida sun tafi. Abin da ya gani ya kamata duk mai ba da kuɗin bincike ya sani.

Ta farko ana kiranta Hug, aikinta ɗaga mutum daga gado zuwa kujera, don a rage wa ma'aikata ciwon baya. Cikin 'yan kwanaki suka daina amfani da ita. Sai an turo ta daga wannan ɗaki zuwa wancan, sai an gyara wa mutum zama a jikinta, kuma 'yan kaɗan ne cikin mazauna gidan za a iya ɗagawa da ita ba tare da sun takura ba. Lokacin da ake kashewa wurin turawa da daidaitawa, daga lokacin hira da tsofaffin ake yanke shi.

Ta biyu Paro ce, na'ura mai laushin gashi a siffar jaririn wata dabbar teku, tana lumshe ido tana kuka ƙasa-ƙasa idan an shafa ta. An fi karɓarta. Amma wani daga cikin mazauna gidan ya dinga ƙoƙarin saɓule mata gashi, wata kuma ta shaƙu da ita har ta ƙi cin abinci ko kwanciya in ba tana gefenta. Dole ma'aikata suka koma sa ido a kan duk wanda ke riƙe da ita.

Ta uku Pepper ne, mai siffar mutum da allo a ƙirji, an ba shi jagorancin waƙa da motsa jiki da rana. Sai ga shi tsofaffin ba sa bin sa har sai ma'aikaciya ta tsaya kusa da shi tana kwaikwayon motsinsa, tana maimaita abin da ya faɗa. Waƙoƙinsa ƙididdigaggu ne, bayan 'yan makonni suka gunduri kowa.

Wright ya kawo wani bincike da aka yi a kan gidajen kula da tsofaffi sama da 9,000 a Japan, wanda ya nuna cewa a 2019 kusan kashi 10 cikin 100 kawai suka shigo da irin waɗannan na'urori. Wannan a ƙasar da ta fi kowa himma a kai ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk labarin shi ne aikin da ba a lissafawa. Na'ura tana buƙatar caji. Tana buƙatar a goge ta, a kashe ƙwayoyin cuta a jikinta kafin ta wuce daga hannu zuwa hannu. Sai an nema mata wurin ajiya a ɗakin da dama a cushe yake. Idan ta maƙale sai an kashe an kunna, idan ta lalace sai an kira kamfani an jira. Sabuwar ma'aikaciya ta zo sai an koya mata. Duk wannan a kan wa yake sauka? A kan wadda aka ce za a rage wa wahala. Da wuya ka buɗe takardar bincike ka tarar an ƙirga waɗannan mintuna.

Gwajin mako biyu

Mutumin da ya shekara a ɗaki ɗaya, yau kamar jiya, ka shigo masa da wani abu sabo mai magana, ga matasa masu bincike sun kewaye shi suna tambayarsa yadda yake ji, dole fuskarsa ta saki. Tambayar ita ce, na'urar ce ta faranta masa, ko baƙin da suka zo da ita? Kuma bayan wata shida, yana ko ɗaga kai ya dube ta?

Gwaje-gwaje da yawa a wannan fanni ba za su iya amsa wannan ba, domin gajeru ne, mutanen ciki kuma 'yan kaɗan. Ɗauki CARESSES, shirin haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Japan ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Genoa ta Italiya, wanda ya koya wa Pepper yin hira daidai da al'adar wanda yake gabansa. Tunanin mai kyau ne. Amma da aka zo gwaji, kowane tsoho ya zauna da shi ne na sa'o'in da ba su wuce 18 ba cikin mako biyu, mutanen kuma ba su kai 50 ba. Masu binciken sun faɗi iyakar aikinsu. Kanun labarai ne suka mayar da shi maganin kaɗaici.

Akwai gwajin da nake girmamawa ƙwarai, wanda Farfesa Wendy Moyle ta Jami'ar Griffith ta jagoranta a Ostareliya, aka wallafa a 2017. Mutum 415 masu cutar mantuwa, a gidaje 28, tsawon mako 10. Dabarar da suka yi ita ce raba gidajen gida uku: wasu aka ba su Paro tana aiki, wasu aka ba su Paro ɗin amma a kashe, ta zama 'yar tsana kawai, sauran aka bar su da kulawar da suka saba.

Sakamakon ya fito da gaskiya mai amfani. Masu Paro mai motsi sun fi kallonta da yi mata magana, sun kuma fi nuna jin daɗi a kan waɗanda ba a ba komai ba. Amma 'yar tsanar ma ta yi tasiri. Da aka auna rashin natsuwa da ma'aunin da ma'aikata ke cikewa kuwa, ba a ga bambanci tsakanin rukunonin uku ba. Paro ɗaya tana kai wa dala 6,000. Shugaban gidan da ke lissafin ko zai ƙara ma'aikaciyar dare yana da haƙƙin sanin wannan.

Irin wannan gwaji ya yi ƙaranci, kuma dalilin a fili yake. Injiniya a jami'a ana ƙara masa girma ne idan ya ƙirƙiro sabon abu. Babu lambar yabo ga wanda ya shekara biyu yana bin diddigin tsohuwar na'ura a gidan tsofaffi. Kuɗin bincike yakan zo na shekara uku ko huɗu, mafi yawan lokacin ya tafi a ƙira, gwajin ya faɗo a watannin ƙarshe cikin gaggawa. Wanda aikinsa ya ci tura kuma ba kasafai yake rubutawa ba, mujallu ma ba sa rububin irin wannan labari. Sai mai karatu ya ga nasarori jere, bai ga na'urorin da ke kulle a ɗakin ajiya ba.

"To ai ma'aikatan ne babu"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma ba na raina ta. Za a ce a rashin uwa ake uwar ɗaki: idan babu mutanen da za su yi aikin, na'ura mai rabin amfani ta fi babu.

Amma me ya sa babu mutanen? Aikin kula da tsoho aiki ne na ɗaga jiki mai nauyi sau da yawa a yini, canza kunzugu, wanke mutumin da wani lokacin yake zaginka don bai gane ka ba, kwana a farke, da ganin mutuwar waɗanda ka saba da su. Albashinsa a Japan yana ƙasa da matsakaicin albashin sauran sana'o'i, haka abin yake a ƙasashe da dama. A Japan ɗin kuma gwamnati ce ke tsara kuɗin da inshora ke biyan gidajen, tana sake dubawa duk bayan shekara uku. Wato wani ɓangare na ƙarancin ma'aikatan daga teburin kasafin kuɗi ya fito. Ba a yi wa kowa adalci ba idan aka ɗauki matsalar albashi aka miƙa wa injiniya ya warware.

Dubi kuma abin da Japan ta yi a aikace. Ta buɗe ƙofa ga masu jinya daga Indonesiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014, sannan a 2019 ta fito da sabuwar biza ta ƙwararrun ma'aikata da ta haɗa da masu kula da tsofaffi. Da aka zo ga ainihin buƙata, mutane aka nema.

Tsorona a nan shi ne na'ura ta zama hujjar rage hannu. Ƙa'idar da aka saba da ita a gidajen Japan ita ce ma'aikaci 1 ga mutum 3. A 2024 an ɗan sassauta ta ga wasu gidajen da ke amfani da fasaha idan sun cika sharuɗɗa. Wataƙila a wasu wuraren hakan ya dace. Amma idan binciken da aka dogara da shi bai ƙirga aikin da na'urar ke ƙarawa ba, an rage mutum ke nan a kan lissafin da bai cika ba, kuma wanda ke kwance ne zai ji a jikinsa.

Inda na'ura ta yi rana

Kada a ɗauka ina cewa babu abin kirki. Akwai, kuma yawancinsa ba ya kama da mutum, ba ya jan hankalin masu ɗaukar hoto.

A asibitoci da dama a Amurka akwai TUG, wani akwati mai taya da ke kai magani, zannuwan gado da samfurin jini daga sashe zuwa sashe. Asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke Mission Bay a San Francisco ya buɗe a 2015 da guda 25. Tafiyar da nas za ta yi ta kai ta kawo, ya ɗauke mata. Ko shi ma sai an san wurin. A 2008 masu bincike Bilge Mutlu da Jodi Forlizzi sun bi shi a wani asibiti, suka tarar a sashen masu jego ana son sa, a sassan da ake jinyar masu ciwo mai tsanani kuwa ya zama abin haushi. Yana tare hanya, yana katse nas da sanarwarsa tana tsakiyar aiki, har akwai waɗanda suka ce sun taɓa kai masa shuri. Na'ura ɗaya, asibiti ɗaya. Wanda bai shiga ya zauna ba, ba zai taɓa hango wannan ba.

Akwai kuma na'urorin sa ido da ake sakawa a ƙarƙashin katifa, su sanar da mai aikin dare idan wani ya yunƙura zai sauko daga gado. Karen Eggleston ta Jami'ar Stanford da abokan aikinta Yong Suk Lee da Toshiaki Iizuka sun nazarci gidajen Japan, suka ga waɗanda suka shigo da na'urori ba su rage ma'aikata ba, sun ma ƙara, musamman masu aikin wucin gadi, kuma sun fi samun sauƙin riƙe su. Wannan ya saɓa wa wani ɓangare na tsorona, kuma na yi murna da shi. Ya nuna idan kayan aikin ya dace da buƙata, mutane suna zama a aikin.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Henry Evans. A 2002, yana da shekara 40, bugun jini a ƙwaƙwalwa ya shanye masa hannuwa da ƙafafu, ya ɗauke masa magana. Abin da ya rage masa motsin kai da ɗan motsin yatsa. Wata rana ya ga Farfesa Charlie Kemp na Georgia Tech a talabijin yana nuna mutum-mutumi mai suna PR2, sai ya rubuta masa. Shi ne ya nemi masu binciken, shi ne kuma ya faɗi abin da yake so.

Me ya fara yi da na'urar dala 400,000? Ya sosa fuskarsa. Mutumin da ya yi kusan shekara goma in ƙaiƙayi ya kama shi sai ya jira wani ya zo, ya sosa da kansa. Daga baya ya yi aski. Babu kwamitin masana da zai zauna ya sa susa a saman jerin buƙatu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kemp ya zo ya kafa kamfani da abokinsa, suka fito da Stretch a 2020, sanda mai hannu ɗaya a kan taya, kilo 23, a kan kusan dala 18,000. Ya fi PR2 ƙanƙanta da araha nesa ba kusa ba, kuma yana iya ratsa ɗakin kwana na gaske.

Labarin Evans ya tuna mini wani abu da masu ƙyamar na'ura gaba ɗaya kan manta. Ba kowane taimako ne mutum ke so daga hannun mutum ba. Dattijo mai kunya da mutunci, da za a ba shi abin da zai kai kansa bayan gida, ko ya kai cokali bakinsa a lokacin da ya ga dama ba tare da wani na tsaye yana jira ba, da ya zaɓi wannan. Binciken da zai mayar wa mutum ikon jikinsa ya cancanci kowace irin gudummawa.

"In tsohuwa ta ji daɗi, ina ruwanka?"

Nan ne na fi tsayawa da ƙarfi. Ana cewa idan mai cutar mantuwa ta rungumi Paro ta yi murmushi, an yi alheri, ko ta san na'ura ce ko ba ta sani ba.

Masana ɗa'a sun daɗe suna ja a kan wannan. Robert da Linda Sparrow sun yi gargaɗi tun 2006 cewa akwai yaudara a ciki. Amanda da Noel Sharkey na Jami'ar Sheffield sun ƙara da haɗarin raguwar cuɗanya da mutane, da mayar da babba kamar yaro. Ni ban kai ga cewa a hana ba. Idan ma'aikaciya ta zauna kusa da tsohuwar, Paro na kan cinyarta, ta zama silar hira, tsohuwar ta tuno kyanwar da ta taɓa kiwo ta shiga ba da labari, wannan kayan aiki ne a hannun mai kulawa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ajiye mata ita a ja ƙofa, a rubuta cewa an yi maganin kaɗaici.

Dalilina ya wuce tausayi. Masu tsara na'ura suna son yanka aikin jinya gunduwa-gunduwa: wannan ɗagawa ne, wannan wanka ne, wannan hira ce, kowanne a nema masa inji. A wurin mai jinya kuwa a haɗe suke. Lokacin wanka ne take ganin jan tabo a ƙugu, farkon gyambon da doguwar kwanciya ke jawowa. Lokacin da ta ɗaga shi ne take jin ya yi sauƙi fiye da makon jiya. Lokacin da take ɓalle masa maɓalli ne yake faɗa mata abin da bai faɗa wa likita ba. Tsohon da ba shi da mai ziyara, waɗannan mintuna ne kaɗai hannun ɗan'adam ke taɓa shi a yini. Duk binciken da zai cire ɗaya daga cikinsu, ya wajaba ya auna abin da ya tafi tare da shi.

Sannan akwai maganar sirri. Mutum-mutumin hira yana da kyamara da makirfo, a ɗakin kwana, wurin da ake tuɓe wa mutum kaya. Wa ya ba da izini, idan mai ɗakin ba ya iya fahimtar abin da ya sa wa hannu? Ina bayanan ke tafiya?

Kuma kamfanoni suna mutuwa. Sony ya daina gyaran tsohon karensa na inji, Aibo, a 2014, har aka riƙa yi wa waɗanda suka lalace addu'ar bankwana a wani wurin ibadar Buda a Japan, saboda yadda masu su suka shaƙu da su. Jibo, mutum-mutumin hira na gida, an rufe kwamfutocin da yake dogara da su a 2019. Pepper kansa an dakatar da ƙera shi a 2020. Mai cikakken hankali zai yi baƙin ciki ya haƙura. Wadda ta ƙi cin abinci sai da Paro a gefenta fa, wa zai yi mata bayani? Wanda ya sa mai rauni ya shaƙu da wani abu ya ɗauki amana, kuma ban ga shirin bincike da yawa da suka tanadi abin da za a yi ranar da aka zo ɗauke na'urar ba.

"Jira kaɗan, fasahar na tafe"

Gaskiya ne ƙirƙirarriyar basira ta yi tsalle a 'yan shekarun nan, yanzu kwamfuta tana hira kamar mutum. Amma tun shekarun 1980 masanin mutum-mutumi Hans Moravec ya lura cewa abin da ke wa ɗan'adam wuya, kamar lissafi, shi ke wa na'ura sauƙi, abin da yaro ke yi ba tare da tunani ba kuma shi ke gagarar ta. Zura hannun riga a hannun da ya sandare, ba tare da an ji wa fata mai rauni ciwo ba, har yanzu babban aiki ne. A Jami'ar Waseda ta Japan, Farfesa Shigeki Sugano yana aiki a kan mutum-mutumi mai suna AIREC, mai kilo 150, wanda aka nuna yana juya mutum a kan gado. Shi da kansa ya ce ba a sa ran shigarsa gidajen jinya sai wajen 2030.

Wannan ne ma ya ƙara mini damuwa. Ɓangaren da fasaha ta iya kwaikwaya da araha shi ne hira, wanda ya fi dacewa a bar wa mutane. Ɓangaren da ke karya wa ma'aikata baya shi ne ya rage da wuya da tsada. Idan aka bar kasuwa ta zaɓa, za a cika ɗakunan tsofaffi da na'urori masu zaƙin baki, mai jinya kuma ta ci gaba da ɗaga mutum ita kaɗai da tsakar dare.

Masu ba da kuɗin bincike da editocin mujallu suna da ikon juya wannan, kuma ba ya buƙatar sabuwar fasaha. Kada a amince da shirin da ba a sa masu jinya da tsofaffin kansu a ciki ba tun ranar da ake zaɓen matsalar da za a warware, kuma a biya su ladan lokacinsu kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara. Duk gwaji ya zama yana da abin kwatance mai araha, kamar 'yar tsanar Moyle, ko ma ƙarin mintuna 15 na zaman ma'aikaciya. A ƙirga lokacin caji, gogewa, turawa da gyara, a rubuta a takardar. A ware kuɗi don wani ya koma gidan bayan shekara guda ya duba ko ana amfani da na'urar, kuma idan ya tarar da ita a ɗakin ajiya, mujallar da ta buga labarin nasarar ta buga wannan ma.